Yaya, ashe olsar nan tawa alkama ce

Assalamu alaikum Yaya, ina kwananku, ya Argungu ya zafi, ya ƙafar Inna. Ki yi haƙuri na san kin gaji da jiran bayanin da na ce zan yi miki kan ciwon hanjin da anka gano mana ni da Nana, wanda alkama ke tadawa, a waya ba ya yiwuwa, muna fara magana sabis ya ɗauke, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi dogo in sa a guruf ɗin gida don su Anti ma su gani. Ki karanta ma Inna a hankali, inda zai tada mata hankali ki tsallake.

Kin dai ga hoton Nana na sallar bara kinka ce wai ba mu ba ta abinci a Italiya. Wallahi ci take, amma shekara 7 kayan 'yar shekara 5 take sawa, ƙafafu kamar sillen kara, ciki kuma ya fito kamar ta haɗiye ƙwarya, zawo mai maiƙo da wari yau ya tsaya gobe ya dawo, ga fushi da kuka ba dalili. Da gida muke na san tuni an ce shawara ce ko tamowa a jiƙo saiwa. Nan Biresha, garin da muke zaune, kowane yaro yana da likitarsa da gwamnati ta ba shi har ya kai shekara 14, ba ka biyan ko sisi in ka je, to tamu wata dattijuwa ce mai surutu, ta buɗe takardar awon tsawo da nauyin Nana tun daga haihuwa ta nuna min da biro inda layin ya daina hawa, ta ce a je a ɗebi jini. Gwajin sunansa tTG. Da sakamako ya fito ya haura iyakar lafiya fiye da sau 10, sai anka sake ɗibar wani jinin anka yi na biyu mai suna EMA, shi ma ya nuna. Shi ke nan, ba a zura mata tiyo a ciki ba, don tun 2012 likitocin cikin yara na Turai sunka yarda in jini ya kai haka a yaro ba sai an yanko naman hanji ba, a 2020 sunka ƙara sassauta ƙa'idar. Su nan celiyakiya suke ce ma ciwon, masu Turanci kuma siliyak.

Yadda ta yi min bayani, cikin ƙaramin hanjin mutum ba sumul yake ba, yana da 'yan tsiro-tsiro kamar tumbin saniya mai tawul ɗin nan da muke wankewa ranar layya, su ne ke tsotse amfanin abinci. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsinsu segale akwai wani sinadari gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo yana jawuwa. To mai wannan ciwo da gulutin ya sauka hanjinsa sai garkuwar jikinsa ta ɗauka abokin gaba ne, ta tashi faɗa, a wajen faɗan ta goge tawul ɗin nan tas. Ka ci ka ƙoshi amma abincin wucewa kawai yake, ba ƙarfe ba kalsiyam, jini ya yi ƙasa, ƙashi ya yi sanyi, yaro ya ƙi girma.

Sai ta ce a gwada mu duka, don iyaye da 'ya'ya da waɗanda anka haifa ciki ɗaya da mai ciwon kusan mutum 1 cikin 10 yana da shi, alhali sauran jama'a 1 ne cikin 100. Abban Nana lafiya lau, Sadik lafiya lau, ni ce fa Yaya. Ni da na raka. Ni kam sai da anka zura min tiyo mai kyamara ta baki anka ɗan tsinko naman hanji, manya haka ake musu, an ba ni maganin barci ban ma san an gama ba. Da likitan ya ce tawul ɗina ya goge sai na tuna kwalaben farin maganin olsa da na shanye tun ina sakandare, da ƙwayoyin ƙarin jini da kowane ciki sai an ɗora ni a kai jinin ya ƙi hawa, da gyambon baki, da yadda Inna ke cewa ni ragguwa ce ina tashi barci ina hamma. Ashe burodi da shayin safe ne. Na yi kuka a mota ba don ciwon ba, don shekarun.

To yanzu ki ji yadda abin yake a ƙasar da taliya da fiza ne tuwonsu. Da takardar asibiti ta fito sai anka sa mana kuɗi a katin lafiya kowane wata, ni yuro 90, Nana yuro 70, namiji babba 110 ake ba shi, ka je kemis ko babban kanti ka ɗebi abincin da ba gulutin ka miƙa kati ka danna lamba, in wata ya ƙare ba ka kashe ba sun tafi, ba a tara maka. Watan farko na ji kamar an ba ni kujerar Makka. Na cika kwando da burodi da biskit da taliyar masara, muna zuwa gida na buɗe burodin, ɗan ƙulli ne yanka bakwai ko takwas kusan yuro 4, kina taɓa shi yana marmashewa kamar busasshen dambu, in ba ki gasa shi ba sai kin kora da ruwa. Taliyar kam ba laifi, sun iya ta, in ba a faɗa miki ba ba za ki gane ba sai ta huce.

Abin da ya ba ni dariya da haushi lokaci ɗaya shi ne layin da suke jera hatsin masu wannan ciwo. Na tsaya ina karantawa, miliyo, na duba cikin ledar, gero ne. Sorgo, dawa ce. A wani shago na ga acca an zuba ta a kwali mai kyau da hoton wata mata da ɗankwali. Rabin kilo na gero, abin da bai kai wanda kike watsa ma kaji da safe ba, kusan yuro 3. Ga kuma abincin gargajiyar mutanen nan yankin da suke taƙama da shi, folenta, wallahi Yaya tuwon masara ne, tuƙa shi suke da muciya a tukunyar tagulla, miya ce kawai ba su da ita sai cuku da nama. Maƙwabciyata tsohuwa ta zo tana koya min yadda ake yi, na ƙyale ta ta gama don kar in kunyata ta, ranar da na yi mata tuwon shinkafa da miyar kuka ta ce a ina na koyi folentar shinkafa.

Inda sunka fi mu nesa ba kusa ba shi ne rubutu. Duk abin da ke cikin leda ko gwangwani dole a rubuta in akwai alkama da baƙi mai kauri, kuma ba ka da ikon rubuta senza glutine, wato ba gulutin, sai in gulutin bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, dokar Turai ce gaba ɗaya. Akwai kuma tambarin zangarniyar alkama da anka ja ma layi, ƙungiyarsu ta masu ciwon AIC ke ba da shi, Nana ta haddace shi tun kafin ta iya karatu sosai, ita ke ɗaga kaya tana nema. Ni karatu biyu nake yi, in nemi alkama in kuma nemi kitsen alade da giya, don wani biskit ɗin ya tsallake na farko ya faɗi a na biyu. A makaranta abincinta daban yake zuwa, a rufe da leda da sunanta a kai, dokar 2005 ce ta wajabta ma makarantu da asibitoci. A gida kuwa na ware tukunya da muciya da kwandon tsame taliya, don ɗan marmashi ma ya isa, kuma ba dole ka ji ciwo a take ba, yana iya ɓarna a shiru.

Mu kam mun ji a jikinmu. An yi suna gidan wasu 'yan uwa Hausawan Gana a Verona, na ga masa na ce alhamdulillahi wannan tamu ce, shinkafa ce, munka ci munka ƙoshi. Kwana 3 Nana tana zarya bayi ni kuma kaina kamar an ɗora min turmi. Da na tambaya sai matar ta ce ai ɗan fulawa kaɗan ta zuba don ta yi laushi. Ban ga laifinta ba, ni ma da haka nake yi.

Wannan shi ya sa nake tunanin gida. Mai wannan ciwo a Kabi ba ya buƙatar katin kowa, shinkafar fadamarmu ce, gero, dawa, masara, rogo, dankali, wake, fura da nono, kunun zaƙi, ƙosai, alale, nakiya, kifin Matan Fada, daddawa da kuka da kuɓewa, duk halal ɗinsa ne. Abincin da kakarmu ta rayu a kai kaf babu abin da zai taɓa shi sai ranar biki in an yi alkaki ko finkaso. Mu ne munka canza, yanzu yaro ya tashi da burodi, rana Indomie, dare tuwon semo, tsakani cincin da fanke da biskit, kuma mutane da yawa ba su san Semovita da kuskus alkama ne ba, Maltina kuma da sha'ir ake yin ta. Matsalar gida ɓoyayyen ne, ɗanwaken da anka haɗa da fulawa, man da anka soya fanke sannan anka jefa ƙosai, wani dunƙulen miya sai kin karanta kwalinsa, babba kuma injin niƙa, wadda ke gabanki a layi ta niƙa alkama ke ki zuba geronki a kai, ba wanda zai wanke miki inji.

Na san Baffa zai ce ciwon Turawa ne na masu ƙoshi. Ki gaya masa wani likitan Italiya Carlo Catassi da abokan aikinsa sun gwada yaran Saharawi da ke sansanin gudun hijira a Aljeriya, a 1999 sunka fitar da cewa kashi 5.6 cikin 100 na da shi, ya ninka na Turai sau biyar, mutanen hamada ne Musulmi 'yan uwanmu da fulawar agaji ta zama abincinsu. Asalin gano alkama ce sila ma da yunwa anka tabbatar, wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, ya ga lokacin yunwar yaƙi ta 1944 zuwa 1945 da burodi ya ɓace yaran da ke fama da ciwon sun farfaɗo, da burodi ya dawo sunka koma gidan jiya. Ban ce duk zawo wannan ne ba fa, tsutsar ciki da taifod da tamowa ta gaskiya suna nan kuma sun fi yawa, amma wanda anka yi ta magani shekara da shekaru bai ji sauƙi ba ya kamata a duba nan ɗin.

Kin tambaye ni ko akwai allura ko ƙwaya in aiko. Babu, har yau maganin ɗaya ne, barin alkama har abada. Ana dai nema. Wata allura Nexvax2 da anka sa ma rai an dakatar da gwajinta a 2019, wata ƙwaya larazotide ta kai matakin ƙarshe ita ma anka tsaya a 2022 don ba ta nuna amfanin da ake so ba. Wadda likitana ya fi ambata ZED1227 ce ta Jamus, a gwajin da anka wallafa 2021 ta rage lalacewar hanji a mutanen da anka riƙa ba gulutin kaɗan kullum, amma ba ta shigo kasuwa ba, kuma ko ta shigo don kare kuskure irin na masar Verona ce, ba don a koma gurasa ba. A 2025 masu bincike a Melbon ta Ostareliya sun fito da gwajin jini da ke gane ciwon ko da mutum ya riga ya bar alkama, a Kambirij kuma sun koya ma kwamfuta karanta naman hanji. Italiya ita kuma a 2023 ta yi dokar gwada yara daga shekara 1 zuwa 17, wannan ciwon da ciwon sugan yara tare don suna yawan haɗuwa, an fara gwadawa a yankuna huɗu har da namu Lombardiya. Saboda haka duk mai tallan garin magani a Facebook da ya ce yana wanke gulutin kuɗinki yake so.

Mu dai wata 8 ke nan, Nana ta ƙara kilo 3, takalmanta sun matse, ni kuma karon farko jinina ya hau ba da ƙwaya ba.

Abin da nake roƙonki, ke ma ciki ɗaya munka fito, kuma kumburin cikin nan naki da kike cewa basir ne ban yarda da shi ba, ga Abba ƙarami da kullum ake cewa ƙashin tsuntsu gare shi. In kin shiga Birnin Kabi ko Sakkwato ki ga likitan ciki, ki nuna masa sunan gwajin kamar yadda na rubuta, tTG-IgA, ki ce ƙanwarki da ɗiyarta an tabbatar musu, kuɗin ni zan turo. Amma don Allah kar ki karanta wannan ki ce daga gobe kin bar burodi, in kinka bari kafin a ɗebi jinin gwajin yana iya fitowa lafiya lau alhali ƙarya ne, ku ci gaba da cin abin da kunka saba har a gama. Sannan in Alhaji zai taso bayan sallah a ba shi garin dawa tiya biyu da kuka da daddawa, dawar a daka ta a turmin Inna, kar a kai inji.