Linux Mint 22 a tsohuwar kwamfutata, bayan wata uku

Kwamfutar tawa ta kwana biyu, ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Shi ya sa na ɗora mata Linux Mint 22, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04.

Da na kunna ta daga filashi, allo ya yi baƙi ƙirin, fanka kaɗai ke ƙara. Katin hoto biyu ne a cikinta, na Intel da na NVIDIA. Na sake kunnawa, na zaɓi compatibility mode, wato zaɓin da ake bi in kwamfuta ta ƙi tashi daidai, sai ga hoto ya fito. Bayan ɗorawa ma sai da na danna harafin e a jerin GRUB, wato zaɓuɓɓukan da ke fitowa lokacin kunnawa, na ƙara kalmar nomodeset a bayan inda aka rubuta quiet splash. Wannan maganin wucin gadi ne, don rubutu ya yi manya-manya, bidiyo na ta sarƙewa.

Inda Mint ya burge ni shi ne Driver Manager, wurin sa direba, wato manhajar da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki. Wayales ɗina na Broadcom ne, bai tashi ba, ba ni kuma da igiyar intanet. Ashe direban na cikin filashin da na ɗora tsarin da shi. Na maƙala filashin, na danna, shi ke nan.

Direban hoton ne ya ci min yini guda. Na sa na NVIDIA, amma Cinnamon, wato fuskar Mint da ake aiki a kanta, ya ci gaba da gargaɗin cewa katin hoto ba ya aiki. Dalili kuwa Secure Boot: ba ya barin direban da bai san sa hannunsa ba ya tashi. Akwai wani shuɗin allo da ke fitowa in an sake kunnawa, daƙiƙa 10 kacal yake jira, ni kuma na bar shi ya wuce. Da na sake sa direban, a shuɗin allon na zaɓi Enroll MOK don Secure Boot ya amince da sa hannun, na shigar da kalmar sirrin da na sa tun farko don wannan, hoto ya fito tas. Don Allah duk mai ɗorawa ya zauna gaban allon a wannan gaɓar.

Yanzu kafin kowane sabuntawa sai na ajiye kwafin tsarin da Timeshift. Na haɗa kwamfutar da talabijin ta igiyar HDMI, sauti da hoto lafiya lau. Batir dai ya fi jimawa in na koma katin Intel, a kansa nake yini.