Dubu 380 a kan famfon da bai taɓa barin Garwa ba

Jama'a, ina rubutun nan jikina na rawa. Wani makaniki ya cuce ni Sefa dubu 380 a kan famfon gazuwal, wato man dizel, na motata. Dubu 380, guminmu na lodin Garwa zuwa Marwa tun kafin azumi.

Kada wani ya zo ya ce mini ban san mota ba. Shekara 14 Coaster ɗin nan tana hannuna, injin 1HZ ne mai silinda shida, daga kukansa nake gane lafiyarsa. Da ta fara wuyar tashi da asuba tana zuba farin hayaƙi, a hawa kuma tana shaƙewa kamar an maƙure ta, ni da bakina na ce wa karen motata ko filta ce ko hita, wato filogin da ke ɗumama inji kafin ya tashi. Ni na faɗa! Sai ƙaddara ta kai ni garejin mutumin nan.

Ya kafa sukuddireba a jikin famfon gazuwal, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido, can ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, famfo ya gama aiki, amma don Allah kada ka sayi sabo, zan sa a kawo maka na hannu daga Duwala." Wannan "kada ka sayi sabo" ita ta ci ni. Wanda zai cuce ka ne zai hana ka kashe kuɗi? Tare muka yi la'asar, shi ya ja mu sallar ma. Har yanzu ina ganin yadda ya lumshe idon nan.

Dubu 250 na tura masa ta waya ranar Talata. A'a, Litinin ce, don ran Lahadi ina kasuwar Pitowa ya kira ni. Dubu 130 kuwa hannu da hannu, har ya ƙirga sau biyu. Kwana tara mota a kwance: yau kaya na cikin jirgin ƙasa, gobe sun sauka Ngaundare, jibi ɗan aike ba lafiya.

Da aka ɗaura famfon yana ta ƙyalli, na yi lodi. Mun wuce Figil lafiya, kusa da Muturwa ta mutu da fasinja cike, har da mai jego, rana tsaka. Kunyar da na sha Allah kaɗai ya sani.

Wani dattijon makaniki a Marwa ya kwance ƙasan filta ya tara kofi. Ruwa ne da tsatsa suka zubo kafin gazuwal. Hita biyu kuma sun mutu. Filta, hita da wankin tanki, duka dubu 22. Sannan ya haska famfon da tocilan waya, sai ga zanen da na yi da ƙusa shekarun baya, a ƙarƙashin sabon fenti. Famfona ne! Makanikin Garwan nan wanke shi ya yi, ya fesa, ya sayar mini da kayana dubu 380. Da na nemi tsohon ma, tun ranar farko, cewa ya yi an tura Duwala musaya, ni kuwa na ce to.

Yanzu ba ya ɗaga waya, yaransa sun ce ya tafi Kusseri. Hotunan tura kuɗin da saƙonnin muryarsa duk suna nan, zan saka su da zarar na dawo daga wajen jandarma.

Masu tsoffin motoci, ku fara da filta, kuma ku karɓi tsohon kayanku a hannu kafin ku biya.

Dubu 22 fa gyaran yake. Ban yafe ba.