Zaɓen Siminti: Iskar da Kankare Ke Sha da Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Duba

Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, a samu wani dunƙule da ake kira kilinka, kuma a nan ne mafi yawan iskar kabon dayoksaid, mai ɗumama yanayin duniya, ke fita, kusan kashi 60 cikin 100 daga dutsen kansa, sauran daga makamashin da aka ƙona. Bayan an yi gini, kankare yakan riƙa shan wannan iska sannu a hankali daga fatarsa zuwa ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa simintin da aka yi daga 1930 zuwa 2013 ya sake shanye kashi 43 cikin 100 na iskar da dutsen ya fitar, ban da ta makamashi. Saboda haka duk dillalin da ya ce simintinsa yana tsabtace iska, rabin labari ya bayar.

Abin da ya kamata mai saye ya duba shi ne rubutun jikin buhu. Mai alamar CEM I kusan duka kilinka ne, ya fi fitar da iska wajen sarrafawa, ko da yake ya fi iya shanta daga baya. Mai alamar CEM II, wanda shi ne ya fi yawa a kasuwannin Najeriya, an gauraya shi da niƙaƙƙen dutsen da ba a gasa ba: kashi 6 zuwa 20 a nau'in A-L, kashi 21 zuwa 35 a nau'in B-L. A ganina wanda bai fitar da iskar ba tun farko ya fi wanda zai ɗauki shekaru hamsin yana biyan bashinta.

Sai dai aikin da za a yi shi ne alƙali. Bulo da filasta ba su da kauri, iska tana ratsa su da wuri, kuma babu ƙarfe a cikinsu da zai lalace, don haka siminti mai lamba 32.5 (lambar da ke nuna ƙarfin siminti) ya wadatar musu. Ginshiƙi da bene kuwa wani abu ne daban, domin iskar da kankare ke sha tana rage kariyar da yake bai wa rodi, kuma da zarar ta isa ƙarfen, ga danshi, sai tsatsa ta kama, rodin ya kumbura ya tsaga kankaren. A irin wannan wuri a nemi mai lamba 42.5, a hana birkila cika ruwa a kwaɓi, a tabbatar kankaren da ya lulluɓe rodi ya kai kaurin da injiniya ya rubuta, sannan a yi ta shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, musamman lokacin hunturu da yake saurin bushewa.

Akwai sabon nau'i mai suna LC3, wanda masana a Suwizalan da Indiya da Kuba suka ƙirƙiro da gasasshen yumɓu, yana rage fitar iskar da kusan kashi 40 cikin 100, amma bai yawaita a shaguna ba tukuna. Wanda kuma zai rushe tsohon gini ya farfasa ɓaraguzan ya bar su a sarari kafin a yi ciko da su, domin a wannan mataki ne kankare ya fi saurin shan iskar.