Neman Kiɗan Jaz Mai Sanyaya Jiki a New York

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ga bayani kan saƙon da ka ba ni na tsohon kiɗan jaz ɗin nan mai sanyaya jiki, wanda babu murya a ciki.

Ba a banza yake wuyar samu ba. Zamanin da ake kira swing, wato daga wajen 1935 zuwa tsakiyar shekarun 1940, zamanin rawa ne. Manyan ƙungiyoyin makaɗa suna cin abinci ne a zaurukan rawa irin su Savoy da ke unguwar Harlem a New York, kuma mai rawa ba ya biyan kuɗi don a sa shi tagumi. Idan ma aka sassauta kiɗan, sai a miƙa wa mawaƙi ko mawaƙiya. Saboda haka irin wanda kake so sai an tona.

Na fara da manhajar sauraron kiɗa da nake biya fiye da dala 10 duk wata. Kaya kam akwai, sai dai babu mai kula da shagon. Ka rubuta kana son kiɗan baƙin ciki, ta jero maka na 1938 da na 1960 da wanda aka buga bara don gidajen shan shayi, duk a kwano ɗaya, shekarar da take nunawa kuma sau da yawa ta sake fitar da faifan ce. Wallahi yaron da ke tura waƙa a waya a bakin kasuwarmu ya fi ta, domin shi ko rera masa ka yi zai ce ya gane.

Shagunan tsofaffin faifai sun fi. Akwai akwatunan da ake zuba na dala ɗaya ko biyu, mai shagon kuma yakan san kayansa, amma ba ya tashi ya tarye ka, kuma ba a ciniki. Abin da aka manna shi ne kuɗin, sannan a ɗora haraji a kai.

Abin mamaki, inda aka fi yi mini hidima ba a karɓi sisina ba. Katin laburare kyauta ne ga mazaunin jihar New York, kuma reshen da ke Lincoln Center, cibiyar kiɗa da wasanni ta birnin, yana da taskar faifai da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Sai gidan tarihin jaz na Harlem, wanda a 2010 ya samu tarin faifan Bill Savory, injiniyan da ya riƙa naɗar kiɗa kai tsaye daga rediyo. Muhimmancinsa shi ne, faifan garmaho na lokacin minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowace fuska, dole makaɗi ya taƙaita. Savory kuwa ya yi amfani da manyan faifai masu ɗaukar fiye da haka. "Body and Soul" da Coleman Hawkins ya busa da saksofon a 1939 minti uku ne, amma a tarin Savory akwai wanda ya yi a 1940 mai kusan minti shida.

In ka tambaye ni, fara da "Reminiscing in Tempo" na Duke Ellington, shugaban wata ƙungiyar makaɗa. Ya tsara shi a 1935 bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya kai kusan minti 13, sai da ya cinye fuska huɗu ta faifai. Masu sharhi da yawa sun kushe shi a lokacin, ni kuwa ban ji wanda ya kai shi nauyi ba. "Nightmare" na Artie Shaw, na 1938, ya fi kama da fargaba, gangar tana tafiya kamar ta rakiyar sarki a daren da babu lafiya. Akwai kuma "Nuages" da Django Reinhardt ya kaɗa da jita a Paris a 1940, lokacin da Jamus ke mamaye da birnin. Kiɗan ƙungiyar Glenn Miller kuwa daɗi ne zalla, bai isa abin da kake nema ba.

Ba zan aiko da faifan garmaho ba, yana da nauyi kuma faɗuwa ɗaya ya tarwatse. Na roba shi ma zafin watan Afrilu zai lanƙwasa shi. Na sayi faifan CD na hannu, zan ba mai tahowa kafin azumi. Ka duba ko na'urarka tana aiki, in ta mutu ka sanar da ni in haɗo da wata. A gaida Inna da yara.