Sharhi Kan Stretchly, Manhajar Tunatar da Mai Aiki Daga Gida Ya Huta

Wanda yake aiki a ofis yana samun hutu ko bai nema ba, domin wani zai leƙo ya gaishe shi, ko a kira shi taro a wani ɗaki, sannan lokacin tashi ya yi kowa ya kama gabansa. Mai aiki daga gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa yakan zauna gaban kwamfuta tun safe har wuyansa ya sage bai sani ba. Wannan giɓin ne manhajar Stretchly take ƙoƙarin cikewa, kuma bayan na daɗe ina amfani da ita, ina ganin ta cancanci yabo a kan abin da aka yi ta dominsa.

Jan Hovancik ne ya ƙirƙire ta, kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. A tsarin da take zuwa da shi, bayan kowane minti 10 takan rufe fuskar kwamfuta na daƙiƙa 20, sannan bayan kowane minti 30 ta ba da hutun minti 5. Kafin ta rufe takan yi gargaɗi, saboda haka mutum yana da damar ƙarasa jimlar da yake rubutawa. Idan ta rufe, sai ka ga fuskar ta koma launi guda mai sanyi, da ɗan gajeren rubutu a tsakiya da ke cewa ka miƙe hannuwanka ko ka kalli wani abu mai nisa, da layin da ke nuna sauran lokaci. A ganina minti 10 ya yi kusa ga mai aikin da ke buƙatar zurfin tunani, amma ana iya sauya lokutan yadda ake so. Akwai kuma tsari mai tsauri wanda yake hana tsallake hutun, kuma shi nake ba wa duk wanda ya san hannunsa na saurin danna maɓallin ɗagewa shawarar ya kunna.

Inda nake so mai karatu ya yi hattara shi ne batun matsananciyar gajiyar aiki, wadda ta wuce ciwon baya da gajiyar ido. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin abin da ke faruwa sakamakon matsin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba, ta kuma ambaci alamomi uku: ƙarewar kuzari, da jin aikin ya fita daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Masu bincike Christina Maslach da Michael Leiter sun danganta ta da abubuwa irin su yawan aiki, da rashin ikon tsara aikin, da rashin adalci, da rashin samun goyon bayan abokan aiki. Hutun daƙiƙa 20 ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda shugabansa yake aiko masa da saƙo da tsakar dare, ko aka ɗora masa aikin mutum biyu, zai iya bin kowane hutu na manhajar amma ya wayi gari ba ya ƙaunar buɗe kwamfutar, kuma abin yana damuna idan na ga mutane suna zargin kansu da rauni a irin wannan hali.

Ga wanda yake son kare lafiyarsa tun abin bai yi nisa ba, ina ba da shawarar Stretchly ba tare da shakka ba, musamman idan ya haɗa ta da tsayayyen lokacin tashi daga aiki da kashe sanarwar saƙonni bayan lokacin. Wanda kuwa barcinsa ya riga ya lalace, ko yake jin baƙin ciki ba ya barinsa, ya fara da neman hutu na gaske, ya zauna da shugabansa kan rage nauyin aikin, sannan ya ga likita ko ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa.