Mujallar ilimi da kuɗin ajiyarta: tallafi, karo-karo ko wakafi?

Malamai na Marwa, Garwa da Ngaundere masu fitar da mujallar bincike, kafin ku biya kuɗin saba (kwamfutar da ke riƙe da shafin mujallar a intanet) na bana ku tsaya ku yi lissafin wa zai biya bayan shekara 20, don mujallu da yawa ranar da editan farko ya yi ritaya ranar suke ɓacewa daga intanet, ɗalibi ya danna link ya tarar babu komai.

Ita kanta ajiyar ba lallai ta ci kuɗi ba. In da OJS, manhajar wallafa mujalla a intanet, kuke aiki, PKP, ƙungiyar da ta ƙera ta, na da tsarin ajiya kyauta wanda ya dogara da LOCKSS, manhajar adana kwafi ta jami'ar Stanford, kunna shi kawai za ku yi. Zenodo, rumbun ajiya na cibiyar binciken kimiyya ta CERN, ma kyauta ne kuma yana ba da DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake nemo maƙala da ita. Rumbunan ajiya na Portico da CLOCKSS sun fi ƙarfi amma akwai kuɗin shekara, da dala kuma. Abin da ke cin kuɗi kullum shi ne saba, sunan shafi, DOI na Crossref (ƙungiyar da ke rajistar sa) da ɗan alawus na yaron da ke kula da kwamfuta.

To daga ina kuɗin zai fito? Tallafin turawa yana da daɗi amma shekara biyu uku ne ya ƙare. Karo-karon malamai kuwa ya danganta da albashi da zumunci, ana saɓani a sashe shikenan.

Ni dai wakafi na fi yarda da shi. Ana ajiye uwar kuɗi ba a taɓa ta, ribar kawai ake ci, jami'o'in Amurka kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na jimillar asusunsu suke cira duk shekara, haka ma Stanford Encyclopedia of Philosophy, kundin falsafa na intanet, ta tara nata asusun daga ɗakunan karatu. Ke nan in kuna buƙatar sefa 400,000 a shekara sai kun tara wajen miliyan 10. Da yawa ne, na sani, amma alhazanmu sun saba da wakafin masallaci da rijiya, bayani suke buƙata. Wanda ke gudun kuɗin ruwa na banki sai a sayi shago a kasuwa a riƙa karɓar haya, amma fa a tuna da gobara da ɗan haya mai taurin bashi, a ware na gyara.

Don Allah takardar shagon ta fito da sunan ƙungiya, kar a sa sunan mutum ɗaya, in ya rasu magada za su shigar da shi gado. Amintattu uku su sa hannu, limami ya shaida, a kai wa notaire, jami'in tabbatar da takardu, ya buga hatimi.