Kantar Littattafan Ban Tsoro a Kusa da Kasuwar Wunti

A kusa da Kasuwar Wunti da ke Bauchi akwai wani ƙaramin shagon littattafan gwanjo da ya ware kanta guda domin labaran ban tsoro da na laifuffukan da suka faru da gaske. Mai shagon ya san kayansa, yana kuma barin mai saye ya zauna a benci ya duba shafuka kafin a yi ciniki, ko da yake ƙurar hunturu ta dusar da bangon littattafai da dama.

Ƙagaggun labaran fatalwa na Turawa ba su cika razana ni ba, domin wanda ya taso da tatsuniyar Dodo da hirar mayu ba zai firgita da tsohon gida mai ƙofa mai ƙara ba. Na laifuffukan gaske sun fi riƙe hankali, musamman waɗanda suka bi diddigin kashe-kashen unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, waɗanda har yau ba a tabbatar da wanda ya aikata su ba. Gibin kantar shi ne namu na gida, domin babu ko littafi ɗaya a kan Lawrence Anini, ɗan fashin da aka harbe a birnin Benin a 1987.